Hannu a Baya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wadda ta daɗe ba ta ga nata ba. Ya jikin Inna, ya gwiwar tata? Ya maigidanki da yaran? Ina fata kowa yana nan ƙalau. Ni ma lafiyata lau, sai dai kewa.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. A waya ba na samun ki. Da na kira sai kowa ya miƙo hannu, wannan ya gaisa, wancan ya ba ni sautu, kafin a dawo kanki layi ya katse. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, ki karanta ke kaɗai a ɗakinki.

Maigidana ya koma kan ruwa. Jirgin nasu sai ya yi watanni bai taɓa ƙasa ba, kuma can tsakiyar teku waya ba ta shiga. Ganin zaman ya yi mini yawa, na saki ɗakin da muke haya na karɓi aiki a gidan wata tsohuwa. Zamewa ta yi a banɗaki ta karya ƙugu, aka yi mata aiki aka sallamo ta. 'Yarta ɗaya tak, tana aure a wani gari mai nisa, ita ta ɗauke ni in zauna da uwar. Kaka nake ce mata. Da na yi mata bayanin ma'anar sunan sai ta yi dariya ta karɓa. Ita kuma hija take ce mini, wato 'yata.

Gidan a sama yake, lif ke kai mutum. Ɗaki biyu ne da falo, da wani dogon lungu da ya taso daga ƙofar Kaka ya dire a ƙofar fita. Tagar ɗakina bangon maƙwabta take kallo. Akwai wata tattabara da ke sauka a kan bututun ruwa da safe, ita ce ta fi kowa zumunci a unguwar nan. Maƙwabta ba su da mugunta, amma gaisuwarsu ɗaga kai ce. Ke kin san ni da baki, Inna har cewa take rediyo ta haifa, to yau ni ce nake wuni ban ji sunana a bakin kowa ba. Sifaniyancin nawa kuwa na kanti ne: nawa ne, na gode, sai gobe.

Aikin dai ina yin sa yadda Inna ta koya mana. Ban yarda Kaka ta ɗaga ko kofi ba. Ni nake tayar da ita, ni nake ba ta shayi a baki, in ɗauke ta cak in sa a kujera mai taya, ba ta da nauyi ko kaɗan. Kafin ta waiga neman abu na miƙo mata. Har ta fara ƙiba, ina jin daɗin ganin haka.

Rannan ina ninke kayan wanki a gefen gadonta sai na tuno yadda muke ninke zannuwan Inna, ke riƙe da baki ɗaya ni riƙe da ɗaya, kina cewa na karkace. Ban san sanda hawaye suka zubo ba. Kaka ta dube ni ta kan tabarau, ta bubbuga katifa ta ce in zauna. Ta damƙi tsintsiyar hannuna ta girgiza, ta ce, “Ánimo, hija.” Da na koma ɗaki na duba kalmar a waya. Na zaci yi haƙuri take nufi, ashe ba haka ba ne. Kusan a ce ƙarfafa zuciyarki, ko tashi ki karkaɗe jikinki. Bayan hija, ita ce kalma ta farko da na koya a nan wadda ba ta saye da sayarwa ba.

Ki gaishe mini da Inna, ki ce ta riƙa shan maganinta, ban da ɓoyewa a ƙarƙashin matashi. Ki shafa mini kan yaran.

Taki har kullum,
Auta

*

Yayata ta kaina,

Aminci ya tabbata a gare ki da duk mutanen gida. Amsarki ta iso, na karanta ta har ta fara yagewa a wajen ninkin. Na ji daɗi da gwiwar Inna ta yi sauƙi. Kin ce in yi haƙuri. Ina yi, Yaya.

Bari in ba ki labarin yadda ƙanwarki ta sha kunya. Asibiti sun turo mana mai gashin ƙashi. Mace ce gajera, ko kafaɗata ba ta kai ba, amma in ta shigo sai ki rantse fareti ta zo dubawa. Na sa mata suna Soja. Ta murza ƙafar Kaka, ta ɗaga ta saki, ƙafar ta faɗo kamar tsumma. Sai ta juyo tana tambayata. Wa ke kai ta banɗaki? Na ce ni. Wa ke tayar da ita daga gado? Ni. Wa ke miƙo mata ruwa? Ni dai, har ina murmushi ina jiran yabo. Matar nan ta wanke ni tas. Rabin faɗan ya wuce ta kaina, ragowar ta buga a waya ta nuna mini fassarar. Wai duk abin da na yi wa Kaka, jikinta ne yake mantawa da yadda ake yin sa. Wai in na ci gaba a haka, ba za ta ƙara tsayawa da ƙafarta ba, kuma ni ce sanadi.

Na so in ce mata mu a gidanmu ba a barin babba ya wahala yaro yana kallo, amma kalmomin ba su isa ba.

Ba ta tsaya nan ba. Ta zagayo ta kama hannuwana biyu ta haɗa su a bayana, kamar wanda aka kama da laifi. Ta nuna bakina ta ce daga yau da wannan zan yi aiki. Sai in Kaka za ta faɗi ne zan sa hannu, shi ma tarewa kawai, ban da ɗauka. Ta kawo wani ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu ta ajiye a gaban gado, sannan ta shiga koya mini abin da zan riƙa faɗa. In Kaka za ta yunƙura in ce vamos, wato mu je. In ta tsaya tana shakka in ce tú puedes, za ki iya. In ta ɗaga ƙafa in ce eso es, shi ne yawwa ɗinmu sak. Akwai kuma sigue así, ci gaba a haka. Na maimaita a hankali cikin ladabi, Soja ta fashe da dariya ta ce ni kamar ta'aziyya na zo yi. Sai da ta sa na yi ta ɗaga murya har na ji kunyar maƙwabta.

Yaya, ki hango ni. Tsohuwar da ta girmi Inna tana nishi tana miƙa hannu wajen kofin ruwa, ni ina tsaye ƙiƙam, hannu a baya, ina ce mata za ta iya. Da Inna ta gan ni da ta ce canza mata jaririya aka yi a asibiti. Ranar farko sai da na naɗe yatsuna da bakin gyalena don kada hannun ya tafi da kansa.

Ga kuma dalilin gaggawar. 'Yar Kaka ta kira, mun yi magana mu uku da Soja. Gidan 'yar na bene ne, ɗakunan kwana duk a sama, babu lif. Ta ce in uwarta ta iya hawa matakala kafin sanyi ya wuce, za ta zo ta ɗauke ta su zauna tare. In ba ta iya ba, to zamanta a nan ne, ni in ci gaba da kula da ita. Kaka tana da jikoki biyu da ba ta gani sai a waya. In an gama magana sai ta sumbaci gilashin wayar, ta goge da hannun riga, ta daɗe tana kallon baƙin allo.

Ki taya mu da addu'a. Gaisuwa ga Inna da maigidanki. Ki ce wa babbar 'yarki na ga hoton kitson, ya yi kyau, sai dai goshin namu na gado ya fito.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yaya,

Sallama da fatan kuna lafiya, ke da Inna da kowa da kowa. Nan ruwan sama ake ta yi, tattabarata ma ta daina zuwa. Maigidana ya sami layi sau ɗaya, muna cikin gaisawa ya ɗauke. Ya ce yana lafiya, iyakar abin da na ji ke nan.

Kin tambaye ni ko Kaka tana ba da haɗin kai. Hmm. Taurin kan Inna wasa ne. Sai ta saki cokali da gangan, ta dube ni, ta ce hija da wata 'yar ƙaramar murya da za ta karya zuciyar kowa. In na ce mata tú puedes sai ta kawar da kai ta yi kunnen uwar shegu da ni. Akwai ranar da ta jefe ni da silifa, kuma ta same ni. Soja ta ce wannan ma ci gaba ne, hannun yana da ƙarfi.

Abin dariyar, ashe sana'arta ce. Akwai wani hoto a falo da nake gogewa kullum, wata budurwa da usur a wuya tana tsaye a bakin kwamin iyo. Ban taɓa kawo cewa ita ce ba. Malamar iyo ce, shekara da shekaru tana koya wa yara. Ta ba ni labari, rabi da baki rabi da hannu. Ta ce ita ba ta shiga ruwa ta tallafi yaro. Sai dai ta bi gefen kwamin tana tafiya daidai da shi, yana shan ruwa yana kuka, tana ce masa no te rindas, kada ka sare, ya falta poco, saura kaɗan. Ta ce iyaye sun sha zaginta, amma babu yaron da ya bar hannunta bai iya ba. Na ce to Malama, ga ƙarfenki nan, vamos. Ta harare ni ta ce ai wannan daban.

Duk da haka muna motsawa. Da farko daga gado zuwa ƙofar ɗaki. Yanzu tana kaiwa ƙarshen lungu ta taɓa ƙofar fita ta dawo, tana tafe tana gunaguni. Ita kuma kalmarta poco a poco, sannu a hankali, da ita take ja mini birki in na cika azarɓaɓi. Soja ta karɓe ƙarfen ta ba ta sanda, mun fara gwada matakalar gidan nan.

Da la'asar mukan zauna a bakin tagar falo da shayi. Ta yi ta zuba, ina gane kaɗan ina gyaɗa kai a sauran. In ta gaji ni ma in kama nawa da Hausa, in ba ta labarinki da na Inna, tana gyaɗa kai kamar tana ji. Ta iya sannu, ta iya yawwa. Wannan zaman shi ne duk hirar da nake samu a duniyar nan.

Shi ya sa abin da ya faru makon jiya ya tsaya mini a rai. Na ƙi ɗauko mata bargo daga kan kujera, na ce ta je da kanta. Ta yi fushi, ta wuni ba ta ce mini uffan ba. Gidan ya yi tsit, sai ƙarar firji. La'asar ta yi, na haɗa shayi, ta ƙi fitowa. Ban iya jurewa ba, Yaya. Na kai mata bargon, na kai shayin, har na ba ta a baki kamar da. Ta saki fuska, muka yi hirarmu. Ina wanke kofuna ne na tsaya na tambayi kaina tsakani da Allah, tausayinta ne ya sa na yi haka? Ba shi kaɗai ba ne. Duk takun da ta yi, nisa take yi da ni. In ta hau matakalar nan za ta tafi, ni kuma in koma magana da bango. Akwai wani ɓangare na zuciyata da ba ya so ta iya, kuma na ji tsoron kaina da na gane haka.

Washegari na ƙara ɗaure gyalen. Ba na jin daɗi, amma ina faɗar kalmomin da ƙarfi yadda aka koya mini. 'Yarta za ta zo ƙarshen wata.

Kada ki karanta wa Inna wannan. Ki ce mata kawai ina gaishe ta, ina kuma cin abinci.

Auta

*

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Da fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, Inna da maigidanki da yaran duka. Ki duba bayan ambulan, adireshina ya canza.

'Yar Kaka ta zo ran Asabar da hantsi, Soja ma ta zo. Muka sauka da lif zuwa ƙasa, aka tsayar da Kaka a gindin matakala, hannu ɗaya a ƙarfen gefe, ɗaya a sanda. Soja ta tsaya a bayanta don tarewa, 'yar tana ƙasa ta toshe baki da hannu. Ni aka ce in hau gaba in riƙa ja da baya ina kiranta, tunda muryata ta saba ji.

Ta fara da kyau. Ƙafa mai lafiya, sanda, sannan mai ciwon. Ina cewa eso es, sigue así, muryar tana fita kamar ba tawa ba. Da ta wuce rabi sai ta tsaya. Gumi ya jiƙa mata goshi. Ta jingina sandar a jikinta, ta miƙo mini hannu. Wannan karon ba wayo ba ne, na san fuskar wayonta. Tsoro ne sosai a idonta. Ta ce hija, a hankali.

Yaya, hannun nan yana gabana, in na ɗan sunkuya na kama shi. Da na kama, babu wanda zai zarge ni. 'Yar za ta ce a bari sai wani lokaci, Soja ta yi faɗanta ta tafi, mu koma sama mu haɗa shayi. Duk wannan ya gilma mini a rai. Na murɗe gyalen a bayana har yatsuna suka mutu. Na dube ta ido cikin ido na ce, “No te rindas, Kaka. Ya falta poco.”

Ta yi mini wani kallo, na ce yau silifa ba za ta ishe ta ba. Sai ta janye hannun, ta damƙi sandarta. Ta ce poco a poco, ba da ni take ba, da ƙafarta take. Ta ɗaga ta. Daga nan Sifaniyancin ya gudu ya bar ni, yawwa kawai nake cewa, yawwa Kaka, yawwa, har ta dire a sama ta buga sandar a ƙasa. 'Yar ta hauro da gudu tana kuka ta rungume ta. Soja ta dake ni a kafaɗa har sai da na yi tangaɗi. Na yi murna, wallahi na yi, kuma a lokaci guda na ji kamar an zare mini wani abu a ƙirji.

Kwana biyu muka yi muna haɗa kaya. Ni na naɗe hoton usur ɗin a tawul na sa a tsakiyar akwati. 'Yar mutuniyar kirki ce, ta haɗa ni da wani kamfanin shara da goge-goge a ofisoshi, ta kuma taimaka na sami ɗaki. Ta ce mini todo va a salir bien, komai zai tafi daidai. Na ce Allah ya sa.

Ranar tafiya Kaka ta taka da ƙafarta daga lif har bakin mota, ba ta yarda kowa ya taɓa ta ba. Na yi niyyar in daure, amma da na ga an buɗe ƙofar motar sai kuka ya ƙwace mini a tsakiyar titi. Na nufe ta da hannuwana a buɗe, ni dai so nake ta riƙe ni. Ta jingina da motar, ta miƙa wa 'yarta sandar. Sai na ga ta mayar da hannuwanta biyu baya ta haɗe su, ta miƙe ƙiƙam yadda nake yi mata. Idonta cike da hawaye, amma muryar ta malamar iyo ce. Ta ce, “Tú puedes, hija.”

Na tsaya cak. Dariya da kuka suka haɗe mini. Sai da na share fuskata na tsaya daidai, sannan ta ce yawwa, da Hausarta ta koyo, ta saki hannun ta jawo ni jikinta.

Yanzu ina sabon ɗaki. Ƙarami ne, amma tagarsa titi take kallo, ina ganin mutane suna wucewa. Aikin da sassafe ne, kafin ma'aikata su zo mun gama, tebura da kujeru kawai nake gani. Jiya da la'asar na haɗa shayi, sai da na zuba na ga kofi biyu na jera. Na shanye duka.

Akwai ajin koyon harshe a kusa da nan, na daɗe ina wucewa ta ƙofarsa ina jin nauyin shiga. Gobe zan je. Ina da roƙo ɗaya, Yaya. In za ki ba ni amsa, wannan karon kada ki ce in yi haƙuri, na yi shi har na gaji. Ki rubuta mini cewa zan iya, ko da ba ki tabbata ba.

Ki gaishe da Inna gaisuwa mai kyau. In ta nemi ruwa kuma butar tana kusa da ita, ki ɗan jinkirta kafin ki miƙa mata, amma kada ki ce ni na sa ki.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta